Da sunan aro muka tashi daga Lubbock

Wanda bai san jihar Texas ba zai ɗauka tafiya daga wani garinta zuwa wani aikin safe zuwa hantsi ne. Daga Lubbock, inda nake karatu nake kuma zaune a gidan kawuna, zuwa Houston ya haura kilomita 800 a mota, awa takwas ke nan in ba a tsaya ko'ina ba. Mai lafiya ma sai ya ji a ƙugunsa, balle Kawu da ake yi wa ƙarin ruwan ciwon daji a wani asibitin Houston, wanda warin mai kaɗai ke tayar masa da zuciya. Akwai jiragen haya, amma tikitin mutum biyu duk bayan 'yan makonni ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga kuma cunkoson filin jirgi ga mutumin da likita ya hana shiga taro saboda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Wata ma'aikaciyar asibiti mai kula da walwalar marasa lafiya ce ta haɗa mu da ƙungiyar Angel Flight South Central ("Angel" mala'ika ke nan), ta matuƙa 'yan sa kai masu jigilar marasa lafiya a ƙananan jiragensu, wadda ofishinta ke Addison a gefen Dallas, tana kuma wannan aiki tun 1991. Sharuɗɗanta ba su da yawa. Mara lafiya ya zama yana iya hawa jirgi da ƙafarsa, yana iya zama a kujera har a sauka, likitansa ya sa hannu cewa tafiyar ba za ta cutar da shi ba, sannan ya tanadi wata hanyar ko da yanayi ya hana tashi. Ba nas a ciki, ba gado, ba kayan asibiti. Ba kuma ko sisin kwabo.

Wannan na ƙarshen ne Kawu ya kasa haɗiyewa. Ya daɗe a Amurka, ya san ƙasar da ake aiko wa mutum takardar bashi wata biyu bayan ya manta an auna masa jini.

"Ɗan nan, karanta ƙananan rubutun nan da kyau," ya ce da ni. "Mutum ya zuba mai a jirginsa ya zo ya ɗauke ni, bai san ni ba ban san shi ba?"

"Kawu, na karanta har ƙarshe. Ba kuɗi."

"To, Allah ya sa."

Ƙarshen watan Oktoba ne, ana tsakiyar cirar auduga. Ba ta babbar ƙofar filin jirgin Lubbock muka shiga ba, can wani gefe ne inda ƙananan jirage ke ajiye, ba layi ba cire takalmi. Matuƙin dattijo ne mai furfura, ya ce sana'arsa sayar da magani kafin ya yi ritaya. Jirginsa Beechcraft Bonanza, inji ɗaya, irin da aka fara fitarwa a 1947, kodayake nasa bai kai haka tsufa ba. Ya ɗaga jakarmu ya jinjina nauyinta, ya sake tambayar nauyin kowannenmu duk da mun rubuta a takarda, ya zaɓa wa kowa inda zai zauna. Kawu baya, ni gaba a hannun dama. Ya miƙa mana abin sawa a kunne mai makirufo, ya ce duk abin da yake ji za mu ji, in muka ga ya ɗaga yatsa mu yi shiru, magana ta shigo.

Na riga na karanta lambar da ke jikin jirgin, babba, ta fara da harafin N. Da ya danna maɓallin oba-oba ya kira masu ba da izinin tafiya, ba ita ya ambata ba. Cewa ya yi "Angel Flight", ya bi da wasu lambobi, ya ce za shi Brownwood. Muryar da ta amsa ta maimaita sunan kamar ta saba da shi, ta jero masa hanya da tsayin da zai hau da lambobi huɗu da zai saka a na'urar da ke nuna jirgi a allon rada. Ya maimaita mata duka, kalma bayan kalma. Kawu yana baya yana addu'ar hawa abin hawa, ba da ƙarfi ba, amma makirufon ya kawo mana ita tsaf. Dattijon ya jira har ya shafa kafin ya saki birki.

Sai da muka daidaita a ƙafa 7,000 na samu sararin tambaya. A ƙa'ida kowane jirgi yana da lambar rajista, farkonta ke nuna ƙasarsa: na Amurka N, na Najeriya 5N, na Nijar 5U. Ƙaramin jirgi da lambar nan yake magana, ana karanta haruffanta da kalmomin da duniya ta amince da su don kada B ta koma D a cikin rurin inji. N ita ce "November". Kamfanonin jirage kuwa suna da inkiya mai rajista a kundin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya da ke Montreal, haruffa uku na rubutawa da kalma ta furtawa. British Airways a rubuce BAW ne, a baki "Speedbird". Air Peace a rubuce APK, a baki "Peace Bird". 'Yan sa kai ba kamfani ba ne, kowa da jirginsa da garinsa da aljihunsa, amma an ba su irin wannan inkiyar: NGF a rubuce, "Angel Flight" a baki. Duk wanda ya ɗauko mara lafiya a ƙarƙashin ƙungiyoyin da ke da izinin sunan sai ya ajiye lambar jirginsa ya ara, har ya sauke amanar.

Na ce, ke nan yau mu ne a gaba, kowa sai ya kauce mana. Ya yi dariya har jirgin ya ɗan karkata.

"Ko kaɗan," in ji shi. "Sunan bai ba ni haƙƙin komai ba. Yana dai gaya wa wanda ke ƙasa ko wa na ɗauko."

Ƙa'idar masu kula da zirga-zirgar jirage a Amurka ita ce wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. An ware 'yan kaɗan da ke tsallake layi: jirgin da ke cikin hatsari kafin kowa, sai jiragen ɗaukar marasa lafiya na gaggawa, da masu neman waɗanda suka ɓata, da jirgin shugaban ƙasa, da wasu kaɗan. 'Yan sa kai ba sa cikin jerin. Duk abin da jami'i ya yi musu, daga kansa ne.

Na fassara wa Kawu. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ai na gane. Kamar a tasha ne in an ce da mara lafiya. Ba dokar da ta ce a ba shi gidan gaba, amma sai ka ga wani ya sauko ya koma baya." Na juya wa dattijon maganar da Turanci. Ya ce bai taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba, sai dai a ƙara da cewa wata rana tashar ta cika, ba wanda ke da damar saukowa.

Ƙasar da ke ƙarƙashinmu ta isa kallo. Lubbock na kan wani tudu ne shimfiɗaɗɗe da ake kira Llano Estacado, filin jirginta ma yana kusan mita 1,000 sama da teku. Gonakin auduga da'ira-da'ira suke, saboda injin ban ruwa daga tsakiya yake kewayawa, wasu fari fat ba a cire ba, wasu an kwashe sun koma jar ƙasa. Wajen garin Post tudun ya yanke kwatsam, ƙasa ta gangara ta zama kwazazzabai da ƙayoyi. Daga nan sai fankokin samar da lantarki na yankin Roscoe da Sweetwater, ɗaruruwa, a jere har iyakar gani. Kawu bai ga yawancinsu ba. Rana ta bugi tagarsa, barci ya kwashe shi.

Ni kuwa kunnena na kan oba-oba. Tafiyar sama miƙa-miƙa ce: hasumiyar Lubbock ta miƙa mu ga masu kula da tashi, su suka miƙa mu ga cibiyar Fort Worth mai kula da sararin yankin baki ɗaya, ita ta miƙa mu ga Abilene. A kowane miƙi dattijon zai sauya tasha, ya faɗi sunan aron da tsayin da yake, a amsa masa. Maganar tasu a taƙaice take, ba gaisuwa ba ban gajiya, har lambar tara ma sai sun ƙara mata wutsiya su ce "niner" don kada ta rikice da biyar. Amma a cikin wannan tsukakkiyar magana na fara jin wani abu. Jami'in Fort Worth, bayan ya gama abin da ya zama dole, sai ya tambayi dattijon ko iska na jijjiga mu a tsayin da muke, ya ce wani jirgi da ya wuce ya ba da labarin ƙafa 9,000 ta fi laushi, in muna so. Dattijon ya waiwaya ya dubi Kawu yana barci, ya ce a'a, nan ma lafiya lau, kuma ƙasa-ƙasa ta fi wa fasinjansa sauƙin numfashi. Ina sauraron jiragen da ke tashar, ban ji an yi wa wani wannan tayin ba.

Kusa da Abilene, muna hango dogon titin sansanin sojan sama na Dyess inda ake ajiye jiragen yaƙi samfurin B-1, wata murya ta shigo da wani sunan daban: "Compassion", da lambobinta. Wannan ita ce inkiya ta biyu, CMF a rubuce, ma'anarta tausayi. Sunan Angel Flight ya samo asali ne daga wasu matuƙa a Santa Monica ta jihar California a 1983, yau kuma ƙungiyoyi da dama ne ke amsa shi, kowace da yankinta da shugabanninta. Akwai wasu da yawa masu irin aikin da ba sa amsa sunan. Gamayyar Air Care Alliance, da aka kafa a 1990 don haɗa kan irin waɗannan ƙungiyoyi, ita ke riƙe da "Compassion", kuma faɗinta ya wuce jigilar marasa lafiya, ya haɗa da sauran tashin taimakon jama'a kamar kai agaji bayan ambaliya ko guguwa. Ita ma ba ta tsallake layi. Dattijon ya ce bai san mai muryar ba, wataƙila ba za su taɓa haɗuwa ba, amma ya san abin da ya fito da shi da sassafen nan.

A Brownwood ba hasumiya. Matuƙa ne ke sanar da junansu a tasha guda, kowa ya faɗi inda yake da abin da zai yi. Muka sauka bayan awa ɗaya da 'yan mintuna. Irin wannan tafiya sau da yawa zango-zango ake raba ta, don kada mutum ɗaya ya ɗauki nauyin man duka, ya kuma samu komawa gida da rana. Wadda za ta karɓe mu daga Houston take tahowa, hazo ya riƙe ta a can, aka ce sai mun ɗan jira.

Jiran ya yi mini amfani. A ɗan ɗakin hutun matuƙa, da shayi a kofin takarda, na tambayi dattijon abin da tafiyar ke ci masa. Ya ce jirginsa na shan kusan galan 15 a awa, kuma sai ya koma Lubbock ba kowa a ciki. Lasisin da yake da shi bai yarda ya karɓi lada ba; iyaka dai ya rubuta kuɗin a takardar haraji a matsayin kyauta. Sannan ya ɗauko wata magana da ban tambaye shi ba. Tsakanin 2007 da 2008 jiragen 'yan sa kai huɗu sun faɗi da marasa lafiya a ciki, an rasa rayuka, har hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta rubuta wa Air Care Alliance shawarwari a 2010: a riƙa tabbatar da cewa matuƙi bai daɗe rabonsa da tuƙi ba, a gaya wa fasinja a fili cewa wannan ba jirgin haya ba ne mai tsauraran ƙa'idoji, a kuma koya wa matuƙa jure matsin da ke zuwa da irin wannan aiki. Matsin shi ne abin tsoro, in ji shi. Kana da yaro mara lafiya a baya, an ba shi lokacin ganin likita, ga hadari a gaba, ga sunan mala'ika a bakinka. Sai zuciya ta fara raya maka cewa tashin nan ya fi ƙarfin a fasa shi.

"Girgije bai san sunan ba," ya ce. "Shi ya sa na fi son yadda yake, ba ya ba ni komai. Da yana buɗe mini hanya, da na fara jin kaina wani ne."

Na yarda da shi, har na ƙara da nawa dalilin. Da kowane mai kyakkyawar niyya yana da ikon tsallake layi, da ranar da mai gaggawar gaske ya zo ya tarar da gaban layin ma layi ne. Akwai kuma abin da ban faɗa masa ba, don ba laifinsa ba ne: ƙasa mai wannan arziki, amma isar mara lafiya wurin likitansa ta dogara da ko wani tsohon mai sayar da magani yana da sarari ranar Talata. Alherin gaskiya ne, giɓin da yake cikewa ma gaskiya ne.

Kafin ya tafi na raka shi wurin jirgin. Ya kunna na'urorin, ya shiga wani shafi a allon, ya goge NGF da lambobinsa, ya mayar da lambar jirgin mai N. Ya ce ɗabi'arsa ce, in ba kowa a baya ba ya amsa sunan. Amma gogewar ba ta ɗabi'a kaɗai ba ce. Tun 1 ga Janairun 2020 doka ta wajabta wa jiragen da ke shiga sararin manyan filaye na Amurka su ɗauki na'urar ADS-B, wadda ke watsa sunan jirgi da inda yake ba tare da an tambaye ta ba. Sunan da take watsawa dole ya dace da wanda aka rubuta a takardar tsarin tafiya, da wanda matuƙi ke faɗa da baki. In suka saɓa, jami'i zai ga abu ɗaya a allonsa ya ji wani a kunnensa. Da can matuƙi kan manna wutsiyar lambar jirginsa ne a bayan inkiyar. Yanzu ƙungiya ke ba shi lambarsa ta kansa, kuma a ƙasa yake saka ta kafin ya tashi.

Wadda ta karɓe mu mace ce matsakaiciya, injiniya a wani kamfanin mai, da jirgi samfurin Cirrus SR22, irin mai lema a ɓoye a bayansa wadda ke iya sauko da jirgin ɗungurungum in inji ya mutu. Ta nuna mini jan hannun lemar a saman kanmu, ta gaya mini yadda ake jansa in wani abu ya same ta. Kawu ya tambaye ni me take cewa.

"Kawu, lema take nuna mini."

"Ka ce wa baiwar Allah mun gode, amma ta bar ta a naɗe."

Tsakanin Brownwood da Houston akwai babban sansanin sojan ƙasa na Killeen, sararin samansa a killace yake lokacin da suke atisaye, don haka hanyar da aka ba mu ta kewaye shi. A tashar da sojojin ke kula da ita, wadda ake kira "Gray", muka ji suna na uku. Wani jirgi ya shigo da "Medevac" a gaban lambarsa, da sauri amma ba a firgice ba. Nan take yanayin tashar ya sauya. Jami'in ya karkatar da wani jirgi, ya dakatar da hawan wani, mu ma ya ce mu juya hagu kaɗan mu jira umarni. Matuƙiyar ta juya ba ko tambaya. Wannan shi ne sunan da doka ta ba gaba: jirgin da ya ɗauko wanda rayuwarsa ke kan siraɗi, ko gaɓar jikin da za a dasa wa wani, ko wani magani na gaggawa. Kafin 2012 "Lifeguard" ake ce masa, tsofaffin matuƙa har yanzu bakinsu kan suɓuce su faɗe shi. Ta ce da jikin Kawu zai rikice a sama, ba za ta tsaya dogaro da sunan aro ba, za ta ayyana halin gaggawa ne kai tsaye kamar yadda kowane matuƙi ke da iko, ta nufi filin da ya fi kusa da asibiti.

Da mai gaggawar ya wuce, jami'in ya dawo kanmu. Ya ba mu haƙuri kan juyin, abin da ba dole ba ne a kansa, ya ce zai duba ko akwai abin da zai iya yi mana. Bayan ɗan lokaci ya yanke mana wani lungu na hanyar, ya ce mu miƙe kai tsaye. Da zai miƙa mu ga cibiyar Houston, bayan ya faɗi tashar da za mu koma, ya ƙara da cewa a gaida fasinja, Allah ya ba shi lafiya. Na gaya wa Kawu. Ya ce in amsa da amin, na ce ai ba ni da izinin danna maɓallin. Matuƙiyar ta fahimci abin da muke ciki, ta danna ta ce fasinja ya gode.

Houston kuwa tashar ta cika. Tun daga nesa ƙasa ta koma kore, iska ta yi nauyi da laima, muryoyi suka yi yawa har ba tsakanin da za a sa allura. Manyan filaye biyu ne ke ciyar da sararin, Bush da Hobby, ga ƙanana birjik. A nan ba wanda ya tambayi lafiyar kowa. Aka sauko da mu ƙasa tun da wuri, inda zafin rana ke sa iska tsalle, aka zagaya da mu ta yamma a bayan wasu jirage biyu. Kawu ya riƙe jakar amai a hannu, bai dai yi amfani da ita ba. Matuƙiyar ba ta nemi alfarma ba, ban kuma ga alamar ta yi tsammaninta ba. Umarni na zuwa tana maimaitawa, har hasumiyar Sugar Land ta ba mu izinin sauka.

A bakin ƙofa wani ɗan sa kai na jiranmu da motarsa, cikin waɗanda ke ɗaukar zangon ƙasa zuwa unguwar asibitoci ta Texas Medical Center, inda asibitin ciwon daji na MD Anderson yake. Tafiyar ba ta fi kilomita 35 ba. Muka hau babbar hanya ta 59 daidai lokacin tashi daga aiki, motoci suka tsaya cak, duk mintunan da jami'in Killeen ya rage mana suka narke a gadar farko. Kawu ya leƙa gaba, ya leƙa baya, ya taɓo kafaɗata.

"Ɗan nan, tambayi direban nan, shi ba a ba shi inkiya ba ne?"